Agogon Gidado

Shekara talatin da ɗaya ke nan
da aka tsinci Gidado akawun auduga
a kwarin bayan sikeli, nan Kumo,
aljihu cike da kuɗi, hannu babu agogo.
Kafin kaka ta fita, sai Hammayo direba.
Sai Jibir mai gadi, fitilarsa na ci har hantsi.

'Yan sanda suka zo daga Gombe,
suka sha fura, suka cika takardu,
gara ta karance su tas.
Gari ya ce aljanu ne,
don aljani ba shi da dangi a unguwa.

Ni gyaran agogo nake, gindin durumin tasha.
Duk wanda na buɗe, da tsinin allura
nake zana sunan mai shi a cikin murfi,
ƙanƙane kamar ƙwayar gero.

Jiya bayan la'asar yaro ya miƙo wani a ƙyalle:
"Na kakana ne, a ƙasan adaka na samo.
Ko zai tashi?"
Na ɓalle murfin.
Rubutuna ne. Gidado.

Kakan nan na san shi.
Shi ya kama gaban makara,
shi ya fi kowa hawaye.
Yanzu ido ya tafi,
ni ke ja masa sanda zuwa masallaci.

Na ɗiga mai, na murza.
Ya tashi.
Yaro na murna, yana tambayar nawa ne,
ni kuwa ƙas, ƙas, ƙas kawai nake ji,
na rasa kuɗin da zan faɗa.