Gurbi Ɗaya a Takardar Baba Ilyasu

A Gadarif, ƙarƙashin rumfar kwano,
ni ne tafinta, kujerata a tsakiya.
Dama da ni Mu'utasim da Larabcinsa,
hagu Baturiya, biro a bakinta,
gabanmu Baba Ilyasu, manomin riɗi,
ya naɗe ƙafa a kan buhun da ba nasa ba.

Takarda ta ce: me ya same ka?
Gurbin amsa bai kai faɗin ɗan yatsa ba.

Baturiya ta ce, "Deprived?"
Kalma mai tsabta, kamar an wanke ta da sabulu,
ba ta nuna hannun kowa.
Ta ce, "Ko confiscated?"
Wannan kuma tana son hatimi da rasit,
su kuwa waɗanda suka zo da asuba
ba su zo da tawada ba.
Ta ce, "Denied?"
Na ce, wannan sai wanda ya roƙa aka ƙi.
Baba bai roƙi kowa ba,
yana alwala suka shigo.

Mu'utasim ya gyara gilashi ya buɗe tasa taskar.
Salb, in ji shi, a tuɓe ka kana tsaye.
Nahb, a yi wawa, kowa ya ɗauki abin da ya iya.
Gasb, da ƙarfin tuwo, ido cikin ido.
Man'u, a rufe ƙofa kana ganin abinka ta taga.
Sai hirman,
ya faɗe ta a hankali kamar mai taka ƙaya,
ita ce wadda ke kwana da mutum
bayan ƙurar motoci ta lafa.

Na juya wa Baba da Hausa:
an hana ka ne, ko an ƙwace?
An tauye, an danne, ko an wawure?
Zaɓi ɗaya, layi ya kai bakin titi.

Ya ce, buhu arba'in da biyu na riɗi, bar su,
ƙasa ba ta gudu, damina za ta dawo.
Injin niƙa ma bar shi, dama tari yake yi.
Akwai dai wani akwatin ƙarfe.
Kakana ya taso daga Haɗeja da ƙafa,
shekara tara yana tafe yana noma a hanya,
niyyarsa Makka.
Guzuri ya ƙare masa a bakin kogin nan,
ya bar wa ubana farin ƙyalle biyu,
ubana ya bar mini.
Harami ne, ko sau ɗaya ba a ɗaura shi ba.

Mu'utasim ya ji kalmar ya ɗago kai:
"Harami? Na'am, ɓarayi ne!"
Na ce a'a, a bakinmu tufar alhaji ce.
Ya yi shiru.
Ya ja haruffa uku a tafin hannunsa,
ha da ra da mim,
ya ce daga nan Masallacin ya fito,
daga nan ɓarawon,
daga nan mahrum, wanda ke zaune gabanmu.
Uwa ɗaya, 'ya'ya ba sa ga-maciji.

Baturiya ta duba agogo.
Na ce, Baba, me zan rubuta?

Ya ce, rubuta an raba ni.
Na ce, da me?
Ya ce, ka taɓa ganin an raba mutum da abu ɗaya?

A bayan rumfa wani ya ɗaga murya:
a zo, za a raba dawa!
Baba ya yi dariya, haƙoransa huɗu,
ya ce, ka ji ta, ita ce dai,
da ita aka ɗauke, da ita za a ba ni mudu.
Ya miƙe, ya kaɗe buhun mutane.

Na cusa hirman a gurbin, wutsiyarta ta leƙo waje.
A gefen takarda, inda ba mai karantawa,
na sa da ƙananan baƙaƙe:
farin ƙyalle, guda biyu.