Juma'a Tawa, Asabar Tasa

Zaɓe uku na ja motar Shamwilu,
tsohuwar Fijo, lasifika ɗaure da igiyar guga.
Shagonsa na layin 'yan yadi a babbar kasuwa.
Kakansa ya sauke haja daga arewa
tun Maraɗi na kwance bakin gulbi,
ruwa bai kore ta bisa tudu ba.

Karon farko, a Bagalam,
wani dogo ya ɗaga murya daga bayan taro:
"Bayahude ne! Ku tambaye shi alƙiblarsa!"
Shamwilu ya karɓi makirfo a hannuna.
"Gaskiya ya faɗa," in ji shi.
"Amma kwatar da ke bayan gidajenku
ba ta tambayi kowa ba kafin ta ci katanga."
Aka yi dariya.
Dariya ba ta shiga akwati.
Ɗari biyu da sha ɗaya muka samu.

Juma'a tawa ce. Yakan jira ni gindin bedi
yana lissafin kuɗin mai har a sallame.
Asabar tasa ce, mota lulluɓe da buhuna,
alhali 'yan hamayya na raba sabulu a Mokoyo.
Na ce, "Maigida, rana na faɗuwa, kasuwa na watsewa."
Ya ce, "Ɗanjimo, shayinka zai huce."

Karo na biyu ba mu gayyaci Tabawa mai ƙuli-ƙuli ba.
Da kanta ta hau benci, zane a ɗamare:
"Shekara talatin nake yankar yadi gunsa,
ban taɓa sake awo a gida ba.
Ku da kuka zaɓi mai tasbaha bara waccan,
ina famfon?"
Da ƙuri'a arba'in aka kā da mu.
Ranar ya ci tuwo malmala biyu, ni na kasa haɗiye ruwa.

Na uku, daren Lahadi, a lakwal ɗin Zariya,
ana ƙirga da hasken tocila,
bakin malamin ya gaji da kiran suna ɗaya.

Muka fito, Fijo ta ƙi tashi.
Sabon magajin gari ya naɗe hannun riga, ya koma baya.
Ta madubi na hango mai turi kusa da shi,
dogon nan na Bagalam,
yana haki, yana cewa in saka ta a giya ta biyu.