A Gefen Shafi

Kwana tara da binne Ermelinda, uwata,
na hau bene in kwashe kayanta.
Matosinhos ta wayi gari cikin hazo,
ƙarnin sardin na shigowa ta taga
kamar yadda ya bi gashinta shekara arba'in
daga masana'antar kifin gwangwani.

Ƙarƙashin gado, kwali biyu na lemo
maƙil da littattafan nan nata.
A bangon kowanne gida ne kan tudu,
fitila ɗaya, mace ta ba da baya.
Labaran gidaje masu ɗaki a kulle,
da 'yar da ta girma ba ta san sunanta ba.
Mun sha yi mata dariya, ni da Gervásio:
matar da ba ta gama firamare ba
tana bin layi da yatsa mai tabon wuƙa,
leɓenta na motsi kamar mai addu'a.

Na buɗe ɗaya don in kaɗe ƙura.
Fensir.
A gefen shafi, rubutunta mai karkata hagu:
"Ba haka ba ne."

Marubucin ya ce matar ta rushe da kuka
ranar da ta miƙa jaririn.
Uwata ta ja layi ta gyara masa:
"Ba a kuka ranar. Sai ranar wanki."

Na zauna dirshan a ƙasa.
A na biyu an ce mai sirri ba ya barci.
"Ƙarya. Barci kamar gawa. Farkawa ce aiki."
A na uku an ɓoye hoto cikin agogon bango.
"Wa zai ajiye hoto? Fuska ake haddacewa."
A na bakwai, inda ɗan ya dawo da gemu
ya ƙwanƙwasa ƙofa cikin ruwan sama,
fensir ya huda takarda.
Babu kalma, huji ne kawai.

Irin waɗannan littattafai ba sa rasa mai bincike,
ko ƙanwa mai naci, ko likitan ƙwaƙwalwa,
wanda zai tara kowa a falo
a babin ƙarshe, ya warware zare.
Ni Dona Alzira nake da ita a ƙasan bene,
shekara tamanin da shida, kunne ɗaya,
wadda suka yi kafaɗa da kafaɗa a teburin yanka.
Na kai mata littafin. Ta duba, ta rufe,
ta ce, "Miyarki za ta huce, Zulmira."
Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Sai yanzu nake tunawa.
Kowane Maris takan sayi safa ta namiji,
girmanta na ƙaruwa shekara bayan shekara
har ta tsaya a lamba arba'in da uku.
Ta coci ce, in ji ta, ta masu buƙata.
Kuma faranti biyar take fitarwa,
mu huɗu ne,
ta mayar da ɗaya tana tsaki.

Gervásio ya bugo waya: "Akwai abin ɗauka?"
Na ce tarkacen littattafai ne kawai.
Na ji muryata ta fita sumul, ba gargada,
tata ce sak.
Ashe har wannan ana gado.

Na ƙarshen yana ƙarƙashin matashi,
tikitin jirgin ƙasa zuwa Régua a tsakiyarsa,
ba a taɓa huda shi ba.
Ta tsaya a shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
saura talatin a san wanda ya yi.
Gefen fari fat.
Fensirin na nan, an fere shi da wuƙar kifi.
Na riƙe shi har fitilun tashar jiragen ruwa suka kama.
A ƙasa Dona Alzira ta kashe rediyonta,
tana sauraren takuna.