Minti Huɗu a Duhu

A kwarin nan namu na kudancin Wales
ruwan sama ba ya sallama, sauka kawai yake.
Talata, darasi na uku,
yara ashirin da bakwai, riguna na ɗiga,
littafi ashirin da biyar, biyu sun yi ƙafa tun bara.

Labarin Emrys ne, ɗan shekara takwas,
a zamanin da ko kakanninmu ba su gani ba.
Aikinsa ke nan a cikin ramin kwal:
ya zauna bayan ƙofar katako da igiya a hannu,
in ya ji kofaton ƙuru da gurnanin amalanke
ya ja, su wuce, ya saki.
Awa goma sha biyu. Kyandir sai mai kuɗi.

Mun kai babi na biyar ana ta hamma.
Tegan na zanen kifi a gefen shafi.
Rhodri ya ce, "Malama, ba abin da ke faruwa.
Yaro ya zauna. Ya sake zama."

Sai na rufe nawa littafin.
Muka sauke labule,
muka toshe ƙasan ƙofa da rigar sanyin wani,
wayoyi duka cikin kwali,
na ɗora yatsa kan makunni.

Duhun namu na aro ne,
ga jan ɗigon na'urar gobara can sama yana leƙenmu.
Dariya ce ta fara zuwa, kamar kullum.
Wani ya yi kukan fatalwa.
Can sai dariyar ta rasa wurin zama, ta fita.
Na ji numfashi. Na ji agogon bango
wanda shekara shida ban san yana da murya ba.

Minti huɗu. Wata 'yar murya daga baya:
"Shi wa ke gaya masa an tashi?"

Na kunna fitila, suna ta ƙifce-ƙifce.
Ban amsa ba. Amsar na babi na shida,
kuma ranar da kansu suka nemo shafin.

Bayan mako biyu rufin rami ya faɗa kan ƙurun.
Eirlys ta kife littafin da ƙarfi,
ta ce ita da marubuciyar nan har abada.
Rhodri kuwa ya ɗaga hannu, abin da bai saba ba:
"Emrys ɗin nan, ya taɓa rayuwa?"
Na ce a'a, wata mata ce ta ƙaga shi.
"Ashe ƙarya muka yi wa kuka."

Ina da digiri biyu, amma bakina ya bushe.

Iestyn ne ya taso,
shi da haruffa ke yi wa tsalle a shafi,
shi da bai taɓa yarda ya karanta a fili ba.
Ya kwance hankici a kan teburina:
ɗan faifan tagulla mai huda, lamba ɗari biyu da sha huɗu.
"Na baban kakata ne.
In za ka shiga rami, sai ka bar shi, ka karɓi fitila.
In ka fito, ka mayar da fitila, a ba ka abinka.
Wannan wani ne ya kawo shi gida."

Ya bi hannu hannu, layi bayan layi,
ba wanda ya yi wasa da shi, har Rhodri.
Da sanyinsa ya bar tebur,
da ya dawo tafina yana da ɗumi.

Da yamma takardar hukuma ta tambaye ni
ko an cimma manufar darasi, e ko a'a.
Na daɗe da biro a hannu ina kallon taga.
Tudun can da tumaki ke kiwo a kai,
kore shar, kamar Allah ne ya ajiye shi tun farko,
tarin ƙasar rami ne.
Ciyawa ce ta rufa masa asiri.