Wa Ya Ƙona Wa?

Agusta ya raba, masarar Iowa ta shanye tsayin mutum.
Jibi motar makaranta mai ruwan ɗorawa
za ta fara wucewa ta ƙofarmu, ba ta tsayawa.
'Ya'yana a gida suke karatu.
Teburin da muke cin abinci shi ne ajinsu,
ni ce malama, ni ce mai shara, ni ce mai kaɗa ƙararrawa.

Lissafi bai ba ni wahala ba:
biyu da biyu huɗu ne a cocinmu,
huɗu ne a cocin Alois.
Tarihin addini ne ya tsaya mini a maƙoshi
kamar ƙayar kifi.

Kwali biyu aka aiko, na gwaji, kwana goma a mayar.
Mai koren bango kakannina yake yabo:
ga su a kurkuku suna rera zabura,
ga itace an tara, ga wuta an hura,
ga masu dogayen huluna sun harɗe hannu suna kallo.
Mai jan bango ya juya tabarmar:
nan dangin mijina ake farauta,
limaminsu a rami bayan murhu kamar gafiya,
kakannina kuma da guduma
suna ragargaza tagogin da hannu ya shekara yana zanawa.
Ƙarni ɗaya, nahiya ɗaya.
Laifi tudu ne, kowane littafi ya taka nasa
yana hango na ɗan'uwansa.

Akwai na uku, maƙwabciyata Wilma Hoekstra ta ara mini,
siriri, cike da hotunan tumaki.
Babu jini, babu hayaƙi,
kowa murmushi yake tun daga shafin farko.
Miya ce ba gishiri.
A shafi na tara barci ya sace ni.

Daren Laraba Wendell ya yi nisa a barci,
Liesbeth ta sauko shan ruwa,
shekararta takwas, haƙoranta biyu sun fita.
Ta tarar da koren a buɗe,
ta ɗora yatsa kan masu hura wutar:
"Mama, waɗannan su ne mutanen Kaka Odile?"

Kaka Odile,
mai dafa mata tuffa da kirfa,
mai carbi rataye a madubin tsohuwar mota.
Na buɗe baki.
Firiji kaɗai ke gurnani a ɗakin.

Alois ya shigo daga garke, takalmansa a hannu,
warin madara a rigarsa.
Ya ja kujera, ya jawo jan littafin,
ya karanta har shayinsa ya huce.
"Haka aka koya mana," in ji shi, "sak."
Na tura masa koren: "Mu kuma ga namu."
Shekara goma sha ɗaya muna raba bargo,
kowace Lahadi muna rabuwa a mararraba,
shi gabas, ni yamma, yaran bi da bi,
ba mu taɓa zama kan wannan toka ba
sai da yarinya ta tona da yatsa.

Mun ƙirga kuɗin ƙwai na wata uku.
Ya isa duka biyun, da kyar,
sabon labule ya jira baɗi.
Talata shi zai karanta musu koren,
ya faɗi da bakinsa wanda ya kawo itacen.
Alhamis ni da jan,
in ɗaga gudumar kakana su ga nauyinta.

Ban ce daidai ne ba.
Wataƙila kan yara ya ɗaure.
Surukata za ta yi shirun nan nata mai kaifi,
fastonmu zai tare ni a bakin ƙofa da tambaya.

Da safe na mayar wa Wilma tumakinta
haɗe da kwalbar zuma.
Na dawo na tarar Liesbeth ta riga mu yanke shawara:
ta rubuta sunanta a bangon duka biyun,
manyan baƙaƙe, karkatattu,
da biro, ba fensir ba.