Kati Biyu

Na san kowane rami daga Ashaka zuwa Gombe,
na san gangaren da ke cin birki.
In inji ya yi tari, daga nesa nakan faɗi ciwonsa.
Amma jikin da nake tuƙawa shekara talatin da tara
ya yi mini magana, na ƙara sautin rediyo.

Da fari raɗaɗi ne wajen fitsari,
kamar an jiƙa barkono a buta.
Sai ɗigo a wando da asuba, fari-fari.
Na wanke da kaina, na shanya a bayan mota,
kada Dija ta gani.

A tasha akwai mai lasifika
da jarkoki jere a kan tabarma:
na sanyi, na basir, na ƙarfi, duk kuɗi ɗaya.
Na kurɓa, ɗaci har ƙeya.
Na bi shi da kafso huɗu daga kemis ɗin Bappayo,
wanda bai tambaye ni komai ba sai canji.
Kwana shida wuta ta lafa.
Na yi hamdala, na ɗora siminti.

Ashe garwashi ne ya ja toka ya rufa.

Ran da gefe guda ya kumbura
har na kasa taka kuloci,
na bar wa Hammadu makulli,
na zauna a bencin asibiti, can Bajoga,
hula a kan ido, kamar mai gudun bashi.

Malama Rifkatu ba ta ɗaga gira ba.
Ta miƙo 'yar kwalba, ta nuna mini ƙofa.
Na dawo, ta ɗaure dantse, ta ɗebi jini,
tana magana kamar mai karanta farashin wake:
"An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.
A ɗakin nan ido bai san komai ba.
Wani ciwon ƙuna yake yi,
wani ƙurji ne marar zafi, ya fito ya koma,
wani ko tari ba ya yi,
sai ya shekara a jikin mace yana ɓarna shiru."

Na ƙirga silin, na ƙirga takalman masu wucewa.

"Ciwon sanyi ne, kuma yana jin magani.
Ƙanjamau ba mu gani ba,
amma ka dawo bayan wata uku mu sake dubawa.
Ga allura. Ƙwayoyin nan ka shanye,
ko ka ji garau kada ka rage.
Kwana bakwai ka ƙaurace wa shimfiɗa."
Ta turo kwaroron roba ta kan tebur
yadda ake turo wa baƙo goro.

Har na miƙe, ta zaro wani kati.
Babu suna a kansa.
"Na maiɗakinka ne.
Randa ɗaya kuke sha.
In ka wanke moɗa ka bar randa, me ka wanke?"

Na ɗauki buhu ɗari shida na hau tudu da su,
ban taɓa ɗaukar kaya irin katin nan ba.

Na tarar da ita tana ƙulla gyaɗa a leda.
Na faɗa, ina kallon turmi.
Ba ta yi kuka ba. Ta gama ƙullin da ke hannunta.
"Tun yaushe?"
Na faɗi watan.
"Kai da ka ji zafi ka nemi magani.
Ni da ban ji ba fa?"

Ba ni da amsa. Har yau ba ni da ita.

Da safe ta riga ni fita.
Ga mu a bencin jiya,
tsakaninmu wurin zaman yaro guda.
Na miƙa hannu in rubuta mata suna,
ta karɓe biro.