Ƙwai Na Bakwai

Saura kwana uku a kwance wa Baba ido
na ce wa Gidado, zo ka ji wata dabara.
Kuɗinmu duka ɗari takwas ne da 'yan canji,
ragowar cinikin zoɓon da na kai Bolari.
Ba za su sayi fitilar kanti ba,
irin mai ƙyaftawa da ake ratayawa a gidan biki.

Muka shiga tsohuwar kasuwa bayan azahar.
Balan-balan goma sha biyu, ƙanana,
zaren saƙar hula, ja da ruwan ƙwai,
garin rogo gwangwani ɗaya.
Mai zare ya ƙara mana shuɗi da ɓera ya taɓa,
ya ce ku je, gyara ce.

A tsakar gida na dama sitaci mai kauri,
Gidado na hura balan-balan har kumatunsa suka yi tsami.
Na ce kar ka wuce girman gwaiba.
Ya wuce. Biyu suka fashe, kaji suka watse.
Tsoma zare, tatse, naɗa,
bi ta nan, ƙetara ta can,
sai ka ce gizo-gizo ne ya ɗauke mu ƙodago.
Muka shanya su a igiyar wanki
tsakanin zanen Inna da wandon makaranta.
Inna ta leƙo daga madafi:
rogon da za a ci kuke shafa wa roba?

Washegari sun bushe ƙamas.
Tsinin allura, fus,
roba ta janye jikinta ta bar mana gida,
ƙwallon zare mai tagogi ko'ina,
iska ma tana iya ɗaukarsa.

Wutar kuwa daga gwangwanin Baba ta fito.
Shekara talatin yana gyaran rediyo a Tashar Dukku
kafin yana ta rufe masa idanu.
Ranar da ya kasa raba jar waya da baƙa
ya tura gwangwanin ƙarƙashin gado,
bai sake zancensa ba.
Muka jawo shi da sanda:
ƙwayayen matattun tocila, dalma,
waya a cukurkuɗe kamar taliya,
filaya mai ƙamshin tafin hannunsa.
Gidado na feɗe waya da haƙori, ni ina murɗawa,
batir uku a jere cikin naɗin kwali,
kyauron roba ya riƙe su kar su rabu.

Ranar Laraba likita ya cire auduga.
Baba ya dawo a keke da baƙin tabarau,
tun daga asibiti har Jekadafari bai ce uffan ba.
Maƙwabta suka shigo, ya jiki, ya jiki,
da sauƙi, da sauƙi.
Ba wanda ya iya tambayar abin da ya kawo shi.

Magariba ta yi, masu wuta suka yi halinsu.
Muka ɗaure igiya daga reshen dalbejiya
zuwa ƙusar da ake rataye buta.
Gidado ya haɗa bakin waya biyu, hannunsa na rawa.
Ja. Ruwan ƙwai. Shuɗin ɓera.
Inuwar zare ta zube a bango
kamar lallen da aka zana wa gidan gaba ɗaya.

Baba ya zare tabarau.
Ya daɗe.
Sauro na cin ƙafata, ban motsa ba.
Leɓensa na motsi, na ɗauka addu'a yake,
ashe ƙirga ce.

Na bakwai bai kama ba, in ji shi.
Kun juya masa ƙafa.
Doguwar ita ke bin jar waya,
wa ya koya muku aiki haka?

Inna ta tashi da sauri wai miya na ƙonewa,
alhali tun la'asar ta sauke tukunya.

Hansatu, ya ce, ba tare da ya waiwayo ba,
miƙo min filayata.